Inna, Wuta Ta Zo

A shekarun da idon Inna ya fara yin yana, rayuwata ta koma kan gadar kogin da ke tsakaninmu. Ina zaune a unguwar Shajara, kudancin Khartum, da maigidana da yara, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar 'yan mata a Khartum, ita kuwa Inna tana Omdurman, a gidan da Baba ya gina, daga ita sai kajinta. In na tashi daga aiki sai in shiga bas, mu tsaya a cunkoson gada muna shaƙar hayaƙi har lulluɓina ya manne da bayana, in je in duba ta, in sake tsallakowa in nufi kudu. Kafin in isa gida ƙafafuna sun kumbura. Wani lokaci ko sannu aka yi mini haushi nake ji.

Mu biyu muka rage mata, ni da Yaya. Shi yana Bahri, wani tsallaken kogin daban, yana aiki a wata masana'anta, yana haya a saman bene. Tun da likita ya ce a jira kafin a taɓa idon, Yaya ya yanke hukunci: Inna ta tattara ta koma wurinsa. Inna ta ce gidan da ƙafa ba ta taka ƙasa keji ne, ita kuma ba tattabara ba ce. A unguwarmu tana da sauran tsofaffi da take Hausa da su, tana da darbejiyar da Baba ya dasa, tana da rakuba, wato rumfar tsakar gida inda take wuni. Ni ina goyon bayanta. Ba zan ɓoye ba, akwai taurin kai a ciki, don tun muna yara in Yaya ya ce gabas sai na leƙa yamma. Amma na san uwata. Na san in aka ɗauke ta daga gidan nan, abin da za a kai Bahri ba duka ita ba ce.

Hujjar Yaya ɗaya ce, kuma mai ƙarfi: ruwa. Famfon unguwarmu ba ya kawo ruwa da kansa, sai ka ja shi da inji, injin kuma sai da lantarki, lantarkin kuwa ya zo sa'ad da ya ga dama ya tafi ba sallama. Da can Inna takan bar ƙwan lantarki ɗaya a kunne a bakin ƙofa, da ya haska sai ta tashi ta ja ruwa. Yanzu ba ta ganin ƙwan da rana. Sauran kayan gida kuwa duk kashe su take da zarar an ɗauke, don dawowar lantarki ta taɓa ƙona mata firji. Saboda haka sai a kawo a ɗauke tana zaune a rakuba ba ta sani ba. Nakan zo in tarar da tanki wayam, randa saura laka a gindi. Ranar da ta sani kuma sai ta manta da injin yana ta aiki, tanki ya cika ya malala, tsakar gida ta zama taɓo, ita da ba ta ganin gabanta sosai.

"Wata rana za ta zame ta karye, sannan hankalinki ya kwanta," in ji Yaya.

Na ce masa ya ba ni lokaci, zan yi maganin ruwan.

Ya yi dariya, don ya san da me zan yi maganin. Baba mai gyaran rediyo ne a kasuwar Omdurman. Da ya rasu, Yaya ya ɗauki agogonsa, ni na ɗauki kawiya, ƙarfen nan da ake narka dalma da shi a liƙe wayoyi. Tun ina ƙarama nake son warin dalma, warin rigar Baba ke nan. Da na girma na fara sayen 'yan allunan nan masu ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su kai tafin hannu ba. Za ka jona allon da kwamfuta ka rubuta masa umarni: in ka ji kaza, yi kaza. Ranar Juma'a da hantsi nakan baje su a kan faranti, kamar mai tsince shinkafa. Na haɗa abubuwa da yawa marasa amfani. Na yi fitila da ke kunnuwa in an tafa. Na yi ma'aunin zafi, wanda maigidana ya ce ya gode ƙwarai, da ba don shi ba da bai san ana zafi a Khartum ba.

Akwatin Inna ne abu na farko da na haɗa don wani dalili na gaske. Robar ajiye abinci na samu na huda. A ciki na sa allon, da makunnin da zai ɗauki nauyin injin, na ja waya zuwa tanki na ɗaura mata 'yar ƙwallo mai iyo, da ruwa ya ɗaga ta sai allon ya kashe injin. Cajar waya ce ke ba akwatin ƙarfi, don haka da an kawo lantarki yake farkawa. Ya ɗan jira lantarkin ya natsu, sannan ya yi ƙara. Da so samu ne da na bar shi ya kunna injin da kansa, amma Inna ta ƙi. Ita da maƙwabciyarta, wata Balarabiya da suka tsufa tare, bututu ɗaya suke sha, in ɗaya ta ja ɗayar ba ta samu. Suna da tsarinsu na wa zai fara yau, wa zai fara gobe, da wa ke da baƙi.

"Roba ba ta san kunya ba, Auta," ta ce. "Ni zan danna da hannuna."

Sai na sa mata babban maɓalli a jikin bango kusa da injin, wanda hannu zai lalubo ko ido a rufe. Akwatin zai yi ta kira har sai ta danna.

Ya yi aiki, amma rabi. Ƙarar 'yar siririya ce, tsit-tsit, Inna kuwa tana da 'yan tsaki cike da tsakar gida. Wata rana ta ji, wata rana ta ɗauka kaji ne. Na sauya ƙarar, ta ce kamar motar kaya na ja da baya a titi. Duk sauyi ɗaya tafiya ce guda a wurina: in tsallaka gada in kwance akwatin, in kai shi Shajara in gyara, in komo da shi. Yaya yana kira yana tambaya cikin ladabin nan nasa mai ban haushi, "Yaya injiniya, an samu ruwa?" Na gaji ƙwarai a watannin nan. Har a wurin aiki nakan tsinci kaina ina kallon bango, kwalba a hannuna, na manta abin da zan yi da ita.

A cikin cunkoson gada na samu dabarar da ta kai ni ta baro. Don kada in yi faɗa da kwandasta nakan toshe kunne ina kallon bidiyon masu irin sha'awata. Yawanci da Larabci ne. Wata rana na faɗa kan wasu samari daga Kano suna koyar da haɗa irin waɗannan alluna da Hausa tsantsa. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Hausata Hausar kicin ce, ta gaisuwa da cefane da faɗa, da zarar magana ta yi nauyi sai in tsallaka Larabci. 'Ya'yana kuwa ban da "sannu" da "na gode" ba su da komai, kuma wannan na damun Inna fiye da idonta. Ga mutane suna maganar waya da batir da dalma da harshen uwata, ba sa ko tuntuɓe.

A bakinsu na ji kalmar. Mu a nan lantarki kahraba muke ce masa, ko da Hausa muke magana. Su kuwa wuta suke cewa: an ɗauke wuta, an kawo wuta, wuta ta yi ƙasa. Na san kalmar mana, amma ban cika jin ta a gidanmu ba, sai na ɗauka tana cikin abubuwan da muka zubar a hanya. Na ji kamar na tsinci ɗan kunnen Inna da ya daɗe da ɓata. Na ce a raina, akwatin nan zai daina kukan tsaki, zai yi magana, kuma da Hausa ta asali zai yi, ba aro.

Na sayo ɗan allo mai karanta katin memori, na ciro lasifika daga wata tsohuwar rediyon Baba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗauki muryata a waya. Na farko ya yi sanyi, ba zai kai rakuba ba. Na sake, na sake, har na samu wanda ya fita da ƙarfi da gaggawa, irin kiran da ba a yi masa jinkiri: "Inna! Wuta ta zo!"

Ranar da na kai shi babu lantarki tun safe, don haka ban samu na gwada a gabanta ba. Na ɗaura akwatin a tsohon ɗakina, don can ne soket yake kusa da tagar da ke kallon tsakar gida. Na so abin ya zo mata ba zato, ta ji 'yarta 'yar Larabci ta yi Hausa mai kyau. Abin da kawai na ce mata shi ne na gyara akwatin, gobe za ta ji sabon abu. Ta ce Allah ya yi albarka, ta cusa mini ƙwai a leda, na ruga don kada gada ta cushe.

Washegari bayan azahar wayata ta yi ƙara a wurin aiki. Maƙwabciyar ce. Ta ce in zo, Hajiya, wato Inna, ta faɗi, amma da sauƙi. Duk wanda ya taɓa jin "da sauƙi" a waya ya san ba ta kwantar da hankali. Ranar ma gadar ba ta tausaya mini ba.

Na tarar da Inna a kwance a rakuba, an ɗaure mata goshi da tsumma, wuyan hannunta ya kumbura. Maƙwabciyar ta ja ni gefe ta ba ni labari da Larabci. Ta ce da aka kawo kahraba ta ji muryata tana ta maimaita magana ɗaya, ta ɗauka na zo ne. Can kuma ta ji Hajiya tana kuka da kira, da Hausar da ita maƙwabciyar ba ta ji. Sai ta shigo ta 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu. Ba ta same ta a tsakar gida ba. A tsohon ɗakina ta same ta, durƙushe, jini na zuba a fuskarta inda ta bugi ƙafar gado, tana zura hannu ƙarƙashin gadon tana lalube, tana lalube bayan kabad, akwatin kuma a saman kanta yana ta kira.

Na tsaya na dubi tsakar gidan. Daga rakuba zuwa ƙofar waje taku kaɗan ne, kuma ƙofar a buɗe take wuni. Ɗakina yana can ƙuryar gida, sai ka wuce injin, ka wuce randuna, ka hau dakali.

Na zauna a bakin gadonta. "Inna, kahraba nake nufi. Haka ake cewa a Kano."

"Ni ban taɓa zuwa Kano ba," ta ce. "Kahraba kahraba ce. Wuta kuwa wuta ce."

"To da kika ji wuta, don me ba ki fita waje ba?"

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "Daga ɗaki kike kira."

Ta ci gaba, a hankali, kamar mai ba da labarin wasu. "Ba babanku ya gaya muku na kambo ba?"

Ya gaya mana. Kafin su dawo Omdurman, iyayena leburorin auduga ne a Jazira, suna zaune a kambo, unguwar bukkokin ciyawa ta ma'aikatan gona. Sun haifi yarinya kafin Yaya. Inna ta tafi ɗebo ruwa a magudana ta bar ta tana barci, iska ta taso, bukkoki suka kama. Sau ɗaya Baba ya ba mu labarin, a shagonsa, kuma da Larabci ya ba mu, ina jin don ya fi masa sauƙin fita a baki. Hariga ya ce, gobara. Da wannan kalmar na ajiye labarin a raina duk tsawon rayuwata, a wani ɗaki daban. Ko sau ɗaya, sa'ad da nake ta sake ɗaukar muryata, bai leƙo ba.

"Abin da mutane ke ihu ke nan ranar," in ji Inna. "Wuta, wuta. Ita kuma ta fara iya kirana. Na ji ta, ban isa ba." Ta ɗan gyara hannun da ya kumbura. "Yau na ce wannan karon zan isa."

A nan zaune na shiga tuna maganganunta na kicin. Hura gawayi. Ɗebo garwashi. Rage murhun nan. Shekara da shekaru tana kewaye kalma ɗaya kamar mai kewaye rijiya, ni kuma na je har Kano ta waya na ɗauko ta na sa mata lasifika. Garin neman gira ke nan.

Yaya ya iso kafin magariba. Na shirya ya yi faɗa, har na tanadi amsoshi, don faɗa da shi ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya durƙusa ya duba hannun Inna, ya kira mota muka kai ta aka ɗaure, tsagewar ƙashi ce. A hanyar dawowa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Khalas, shi ke nan, Auta. An gwada naki."

Na jira Inna ta yi maganar keji da tattabara. Ta yi shiru tana riƙe da hannunta. Shirun nan ya fi komai ƙona mini rai, kuma har yau ban san ko ta yarda ba ne ko ita ma gajiya ta yi.

Aka ba maƙwabciya kajin. Muka naɗe katifu, muka kife randuna, Yaya ya sa kwaɗo a ƙofa. Ni na kwance akwatin na jefa shi ƙasan kabad a Shajara, na ɗora kawiyar Baba a kai. Juma'a ta zo ta wuce ban baje faranti ba. Maigidana, wanda ya sha yi mini ba'a a kai, shi ne ya fara tambaya ko lafiya.

Tafiyata ba ta ragu ba, gada ce kawai ta sauya. Yanzu Bahri nake tsallakawa, in hau bene ina tsayawa hutu a kowane hawa. Ba a cuci Inna a can ba, gaskiya ɗaya ce. Matar Yaya mutuniyar kirki ce, tana yi mata wanka, tana dafa mata abin da take so. Sai dai ba ta jin Hausa. Yaran sukan shigo su sumbaci kanta su ce "habboba", wato kaka, su koma kan wayoyinsu. Yaya ya fita tun safe. Inna tana jin Larabci sarai, amma ta ce yana gajiyar da ita kamar takalmin aro. Kullum nakan same ta zaune a bakin gado, fuskarta wajen taga, hannuwa a cinya, babu abin da ake jira ta yi.

Wata ranar ina shirin tafiya ta ce, "Ina akwatin nan?"

"Yana gida. Na kwance shi."

"Ki kawo mini."

"Inna, me za ki yi da shi? Nan ba ke ke jan ruwa ba."

"Na ce miki ruwa zan ja? Ki cire ƙarshen maganar, ki bar farkon." Ta juyo da fuskarta wajena. "Amma ki sake faɗa. A hankali, kamar in kin shigo gida."

Sai da na sauko daga bene na gane abin da take nufi, na tsaya a ƙofa na daɗe ban tare bas ba.

Aikin bai da wuya. Na cire makunnin inji da wayar tanki, na bar allon da lasifikar Baba. Ɗaukar muryar ce ta ba ni wahala, kalma ɗaya tak, amma sai ta riƙa fita a karye. Na tsawaita tazara tsakanin kira da kira, na sa maɓallin a jikin akwatin, na ajiye mata shi kan teburi kusa da gado inda hannunta zai kai. Na nuna mata: in ya ishe ki, danna nan.

Bayan 'yan makonni matar Yaya ta tare ni a kicin tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce in an daɗe ba a kawo kahraba ba Hajiya ce ke fara ƙorafi, ita da ba ta damu da fanka ba. Ta ce kuma maɓallin nan da na sa, ba ta ga amfaninsa ba, su ne ke zuwa su danna in abin ya yi yawa.

Ranar na zo a gajiye fiye da kullum. Na gaishe ta na zube a gefenta a kan gado, ban ko cire takalmi ba, na jingina da bango na lumshe ido. Babu lantarki, ɗakin ya yi zafi, ba wanda ke da ƙarfin hira. Can sai na ji firji ya yi tari a kicin, yara suka yi murna a wani bene. Akwatin ya farka, ya jira kamar yadda na umarce shi, sannan ya ce, "Inna."

Ta juya wajensa, ta ba ni baya.

"Na'am, Auta," ta ce.

Maɓallin yana kusa da hannuna. Na bar shi, muka zauna muna jiran kira na gaba.